Masu rubuta wa na'ura ƙa'idar ciniki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar dabbobi ta Tanut ko ta Belbeji ya san ciniki yana da jere. Mai saye ya taya, mai raƙumi ya ce albarka. A ƙara, ya sake cewa albarka, har a kai inda zai ce ya sallama. Daga nan sai biyan kuɗi, dillali ya karɓi la'adarsa, igiya ta sauya hannu. Ba a sallamawa kafin tayi, ba a jan igiya kafin biya. Babu wanda ya rubuta wa mutanen Damargu wannan jere, amma yaron da ke riƙe akala ma ya san shi.

Kwamfutoci su ma ciniki suke yi dare da rana. In ɗa ya turo wa mahaifiyarsa jika ashirin daga Agadas ta waya, na'urori da dama ne ke magana da juna: wannan ta tambaya, waccan ta amsa, wata ta cire, wata ta zuba. Sai dai na'ura ba ta da ido balle kunya. Mutum in ya ga abokin cinikinsa ya yi shiru, zai yi gyaran murya ya ce, “Alhaji, kai fa nake jira.” Na'ura kuwa, in tana jiran saƙo, waccan ma tana jiran nata, haka za su zauna har abada, kowace ta zuba wa ƴar'uwarta kunne.

Akwai masu sana'ar hana irin wannan, kuma aikinsu yana burge ni ƙwarai.

Masu rubuta manhaja sun daɗe da sanin abin da suke kira nau'i: wannan lamba ce, wannan suna ne. Kafin manhaja ta fara aiki, akwai wata mai duba rubutun, ana ce mata kwamfaila, kuma in ka nemi tara suna da lamba sai ta ƙi, kamar yadda mai awo ba zai auna maka yadi da tiya ba. A 1993 wani masani ɗan Japan, Kohei Honda, ya kai wannan tunani inda ba a saba kai shi ba. Ya ba hanyar da saƙo ke bi nata nau'in. Nau'in nan kuma labarin zancen ne gaba ɗaya: aika farashi, jira amsa, in albarka ce koma farko, in sallama ce aika kuɗi, sannan rufe. A 1998 shi da Vasco Vasconcelos da Makoto Kubo suka shimfiɗa shi yadda zai shiga harsunan rubuta manhaja. Mu kira shi nau'in zance.

Gwanintar tana wurare biyu. Nau'in yana sauyawa da kowane taki: da ka aika tayi, hanyar ta zama ta sauraro, ba ka da ikon sake magana sai amsa ta iso. Sannan nau'in mai saye dole ya zama kishiyar na mai sayarwa daidai wa daida, kamar turmi da taɓarya. Inda wannan ke aikawa, wancan na karɓa. Inda wannan ke zaɓe tsakanin albarka da sallama, wancan ya tanadi abin yi ga kowacce. Kwamfaila za ta ɗora ɗaya kan ɗaya, in ba su hau ba ta ƙi. Abin da ya fi kama ni shi ne lokacin da ake gano kuskuren: tun a teburin mai rubutu, kafin dala ɗaya ta motsa.

Amma ciniki na mutum biyu kaɗai ba shi ne wahala ba. Sa dillali a tsakiya ka gani. Mai saye na iya zama daidai da dillali, dillali daidai da mai raƙumi, amma su ukun su cije: mai saye na jiran dillali ya kawo magana, dillali na jiran mai raƙumi, shi kuma yana jiran ya ga kuɗin mai saye. A 2008 Honda da Nobuko Yoshida da Marco Carbone suka fito da maganin wannan. A fara rubuta zancen duka daga sama, kamar yadda sarkin kasuwa ke kallon fili: wa zai ce wa wa me, bayan me. Daga wannan rubutu guda sai a yanko wa kowa rabonsa da lissafi, dillali ya ga nasa kaɗai, mai saye nasa. Suka kuma kafa hujja ta lissafi cewa in kowa ya dace da rabonsa, saƙon da ba a tanada ba ba zai faɗo ba, kuma zancen nan ba zai cije ba. Shekaru 10 bayan haka, babban taron da suka gabatar da aikin ya karrama shi a matsayin wanda ya fi tasiri cikin na shekararsa.

Honda bai ga wannan karramawa ba, ya rasu a 2012 yana malami a jami'ar Queen Mary ta Landan. Ya bar wani harshe mai suna Scribble na rubuta irin waɗannan ƙa'idoji, wanda aka gwada a wani babban shirin Amurka na na'urorin auna teku. Yoshida ta ci gaba da aikin, tun 2022 kuma tana jami'ar Oxford.

Nau'in zance ba ya hana layi yankewa a hanyar Damagaram, ba ya sa maƙaryaci faɗin gaskiya. Abin da ya ɗauka shi ne jeren magana, kuma a nan ba ya sassauci. Mai rubutu zai shirya komai na ranar da aka sallama, ya ji daɗi, ya danna. Sai kwamfaila ta dawo masa da aikinsa, ta nuna masa layi guda: nan abokin zancenka yana iya cewa albarka, ba ka rubuta abin da za ka yi ba.