Mawallafi da Jama'arsa: Nazari a Kan Al'adar Tara Masu Karatu

Duk wanda ya dubi tarihin talifi a ƙasar Hausa da idon basira zai tarar cewa babbar matsalar mawallafi, bayan ya ajiye alƙalami tawada ta bushe, ita ce sanin waɗanda za su karanta abin da ya rubuta, da kuma hanyar da zai sake iske su ranar da ya zo da na biyu. Malaman dā ba su sha wannan wahala ba, domin malami ya san almajiran da ke kwafar littafinsa da hannu, shi ke ba su ijaza, sunansa kuma ya shiga silsilarsu har tattaɓa kunne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kai wannan tsari ga kamala sa'ad da ta naɗa jajoji, suna zuwa wurinta su ɗauki karatu, su koma ƙauyuka su isar da shi ga 'yan taru, ta yadda kowace ɗaliba, komai nisan garinsu, akwai igiyar da ta haɗa ta da mai talifin.

Injin ɗab'i ne ya tsinke wannan igiya. Littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, ta hannun hukuma da makarantu suka yaɗu, mai su bai san gidan da suka kwana ba. Sai da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana edita, sannan aka soma sake ƙulla igiyar, domin jaridar ta buɗe ƙofa ga wasiƙun jama'a, har mai rubutu ya fara jin amsar waɗanda yake yi wa magana.

Amma waɗanda suka mayar da abin sana'a su ne marubutan Kano na shekarun 1980 da 1990. Shirin ilimin firamare na bai ɗaya da aka fara a 1976 ya haifar da ɗimbin matasa masu karanta boko, alhali kamfanonin ɗab'i sun durƙushe saboda taɓarɓarewar arziki, don haka ya zama wajibi marubuci ya buga da kuɗinsa, ya kuma nemi jama'arsa da ƙafarsa. Dabarunsu suna nan rubuce a jikin littattafan ga mai son dubawa: ana raba labari kashi biyu ko uku, a yanke na farko daidai inda zuciya ta rataya; a sa adireshin mawallafi domin masu wasiƙa; a keɓe shafi na gaisuwa ga masoya, kowa da sunansa da garinsu; a jera sunayen littattafan da ke tafe. Ƙungiyar Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba ke cikin jagororinta, ta ƙara da tallata littattafan 'ya'yanta a cikin na juna, sai ya zama wanda ya sayi ɗaya an nuna masa ƙofar goma. Karanta labari a rediyo kuwa kyauta ce da ake yi da gangan, domin wanda kunnensa ya ɗanɗana ƙafarsa za ta kai shi kasuwa.

Sai dai wannan alaƙa ta fi ƙarfi a birni. A garuruwa irin su Bunkure da Kura, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya sa ake girbin shinkafa da alkama da tumatir har da rani, kuɗin saye bai gagara ba, amma a wancan zamani littafi yakan iso ne ta hannun mai haya. Shi ne ke ɗinke bangon da zare ya lulluɓe shi da leda, shi ne mai tsohon littafin makaranta da ya ja wa layi, yana rubuta sunan gidan da aka kai kashi na biyu da ranar da yaro zai komo da shi. Ya san matar auren da ba ta son labarin kishiya, ya san budurwar da ke karanta wa masu turara shinkafa su shida a tsakar gida. Alal haƙiƙa rajistar masu karatu a hannunsa take, mawallafi kuwa kwabo ɗaya ya gani a inda mutum talatin suka karanta.

Wayar hannu ta juya wannan al'amari. A yau marubuciya takan saki shafukan farko kyauta, idan labari ya kama sai ta ce ci gabansa na masu biya ne, a tura kuɗi ta banki ko katin waya, a shigar da mutum zauren WhatsApp, inda lambarsa za ta zauna har littafi na gaba. Bambancinta da marubucin jiya kamar bambancin mai noman rani ne da mai jiran damina: ɗaya ya san ranar da ruwa zai shigo gonarsa, ɗaya kuwa sai duban sama; amma ko mai noman ranin ya san cewa makullin ƙofar ruwa ba a aljihunsa yake ba, haka nan kamfanin da ya mallaki manhaja yana iya rufe ta ba tare da shawara da kowa ba.

Fa'idar tsarin a fili take, illolinsa ne ke bukatar faɗa. Na farko, wanda ake jira kullum da sabon shafi ba shi da sukunin bita da tacewa, sai labarin da ya cancanci babi ashirin ya kai ɗari. Na biyu, kusanci yakan rikiɗe ya zama mulki, masu biya su rinƙa hukunta wa za a aurar, wa za a kashe, marubuciya ta bi don gudun kada a watse. Na uku, mutum guda yana iya cin amana ya watsa abin da aka saya ga dubu.

Hukuncin da nazari ya kai mu gare shi shi ne, sanin masu karatu da sunayensu ni'ima ce da mawallafin Hausa ya daɗe bai samu ba, kuma haƙƙinsa ne ya riƙe ta, ya ma ajiye sunayen a inda rufewar wata manhaja ba za ta tafi da su ba. Sharaɗin kawai shi ne ya gama littafinsa, ya tace shi, kafin ya saki shafin farko, domin jama'ar da aka tara da alkawarin kyakkyawan aiki ba abin da zai zaunar da ita sai cika wannan alkawari.