Masu Ceto Abin da Kwamfuta Ta Haɗiye

A cikin masu gyaran kwamfuta akwai wasu 'yan kaɗan da hannunsu ya fita daban. Yawancin masu gyara, in ka kai musu kwamfutar da ta ƙi tashi, burinsu ta tashi: a yi mata fomatin, a ɗora sabon Windows, a miƙo maka kayarka. Waɗannan kuwa abin da ke cikin faifan ajiyarta suke nema, domin sau da yawa ya fi na'urar kanta daraja nesa ba kusa ba.

Dubi Sandamu, ɗaya daga ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura. Mai shagon buga takardu yana da aikin jama'a na shekaru a kwamfuta ɗaya. Mai ɗaukar bidiyon biki yana riƙe da ɗaurin auren da ba za a sake yi ba. Malami yana da sakamakon jarrabawar ɗalibai, ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura kuma yana da furojet ɗinsa na kammalawa. Da yawan kwamfutocin na hannu ne, faifansu ya sha aiki kafin ya iso. Sai ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, ga ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ga jijjigar babur. Ranar da faifan ya gaza, sai a nufi Daura, in abin ya gagara a wuce Kano, wajen masu gyara na titin Beirut ko kasuwar Farm Centre.

A cikin faifan akwai faranti masu sulɓi da aka shafa wa sinadarin maganaɗisu, suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Akwai hannu mai ɗauke da ɗan kai mai karatu da rubutu, yana shawagi a saman farantin ba tare da ya taɓa shi ba. Tazarar da ke tsakaninsu ta fi kaurin silin gashi ƙanƙanta sau dubbai. Shi ya sa faɗuwa ɗaya, kwamfuta na kunne, ta isa ta sa kan ya karce farantin.

Gwani yakan fara da tambaya da saurare, kafin ya taɓa sukudireba. Ta faɗi ne? An ji ƙauri? Wa ya taɓa ta kafin a kawo? Sai ya kara kunne. In faifan yana juyawa lafiya amma Windows na cewa a yi fomatin, matsalar ta tsari ce. In yana ƙas-ƙas-ƙas, kan karatun ne ya kasa gane hanya, kuma nan take zai cire wuta, domin kowane juyi na iya ƙara karce. In shiru ne tsit, zai duba allon lantarkin da ke bayansa.

Matsalar tsari ta fi sauƙi. Ka ɗauka sito ne a kasuwar hatsi, mai sito yana da littafin da ya rubuta buhun wane yana kusurwa kaza. In littafin ya yage, buhuna suna nan, sai dai an rasa na wane ne a ina. Haka kwamfuta take: goge fayil ko fomatin na gaggawa jadawalin kawai yake shafa, bayanan suna nan har sai an rubuta sabon abu a kansu. Manhajar TestDisk, wadda Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta kuma kyauta ce, tana gyara jadawalin rabon faifai. 'Yar uwarta PhotoRec kuwa bin faifan take yi gaba ɗaya tana gane fayil daga alamar da yake farawa da ita, domin hoto da bidiyo da takarda kowanne da tasa. Fayilolin kan dawo ba sunayensu na asali, sai an zauna an tantance.

Inda ake gane gwani da ɗan koyo shi ne, gwani ba ya aiki a kan faifan mara lafiya. Kwafinsa yake fara ɗauka sukutum zuwa wani lafiyayye. Manhajar ddrescue ta Antonio Diaz Diaz an yi ta ne don wannan: tana kwashe wuraren da ke karantuwa tukuna, ta tsallake masu gardama, ta rubuta inda ta tsaya, sannan ta dawo ta lallaɓa su kaɗan-kaɗan. Aikin na iya cin kwanaki, mai kaya na ta waya, amma gwani ya san sauri ya haifi nawa.

In kan karatun ya mutu, aikin ya zama fiɗa. Ana nemo faifai irinsa sak a ciro kansa a dasa, a cikin akwati mai tace iska, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar da ke tsakanin kan da farantin girma. In allon lantarki ne ya ƙone, canza shi kaɗai ba ya isa, sai an ciro ƙaramin guntun da ke riƙe da ma'aunin wannan faifan an liƙa a sabon allon. Manyan masu sana'ar suna aiki da na'urar PC-3000 ta kamfanin ACE Lab, mai magana da faifai kai tsaye.

Duniya ta ga iyakar wannan gwaninta bayan kumbon Columbia na Amurka ya tarwatse a samaniyar Texas ranar 1 ga Fabrairun 2003. A cikin tarkacen an tsinci faifan Seagate, ya ƙone ya narke ta waje. Injiniya Jon Edwards na kamfanin Kroll Ontrack ya ciro farantan, ya wanke su, ya dasa a wani faifai, ya ceto kashi 99 cikin 100 na bayanan wani gwajin kimiyya da aka yi a sararin samaniya. An wallafa sakamakon a 2008.

Duk da haka gwani na gaskiya yakan faɗi iyakarsa. Abin da aka rubuta wani a kansa ya tafi. Sababbin ma'ajiyai na SSD kuma sukan share abin da aka goge da kansu, ceto daga cikinsu ya fi wuya. Sannan sana'ar ta amana ce: hotunan iyalin mutum da lissafin kuɗinsa duk suna bi ta gabansa, dole ya kame ido da baki.

Don haka mai karatu, in kwamfutarka ta fara ƙara ko ta ce a yi fomatin, kashe ta. Kada ka ɗora mata komai, kada ka bari a buɗe faifan a kan teburin shago. Ka tambayi mai gyara ko zai ɗauki kwafi kafin ya fara. In ya ce babu buƙata, ɗauki kayarka ka yi gaba. Tun yau kuma ka ajiye muhimman takardunka a wuri biyu, ɗaya a filashi ko wani faifai, ɗaya a intanet.