An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Sharhi a kan Fim ɗin The Great Hack

A ranar 24 ga watan Yuli na shekarar 2019, hukumar kula da harkokin kasuwanci ta tarayyar Amurka ta sanar da cin kamfanin Facebook tarar dala biliyan 5 saboda sakaci da sirrin jama'a. A wannan rana ce kuma Netflix ya saki fim ɗin The Great Hack, wanda Karim Amer da Jehane Noujaim suka ba da umarninsa. Fim ne na labarin gaskiya a kan badaƙalar Cambridge Analytica, kamfanin da ya yi wa Donald Trump aiki a zaɓen 2016 da bayanan da aka kwasa daga Facebook. Ra'ayina shi ne, fim ɗin ya yi nasarar dasa rashin yarda a zuciyar mai kallo, amma ya karkatar da mafi yawansa zuwa inda bai fi cancanta ba.

Ga yadda al'amarin ya faru. Wani malamin Jami'ar Cambridge, Aleksandr Kogan, ya ƙirƙiri manhajar tambayoyi ta auna ɗabi'ar mutum. Kimanin mutum 270,000 ne suka yi amfani da ita, amma ƙa'idar Facebook ta wancan lokaci ta ba irin waɗannan manhajoji damar kwasar bayanan abokan mai amfani da su. Ta haka adadin ya kai har miliyan 87, bisa ƙiyasin kamfanin da kansa. Babu wanda ya fasa ƙofa. A buɗe aka same ta.

An gina zubin fim ɗin a kan taurari uku. Na farko David Carroll, malami a birnin New York, wanda ya bi ta dokar Birtaniya yana neman a ba shi bayanan da kamfanin ya tara a kansa. Ta biyu Carole Cadwalladr, 'yar jaridar Observer da ta tono badaƙalar. Ta uku Brittany Kaiser, tsohuwar jami'ar kamfanin da ta juya masa baya. Labarin Carroll ya fi ratsa ni, domin tambayarsa ta kowa ce: me kuka sani a kaina, kuma wa ya ba ku? A watan Janairun 2019 wata kotu a Landan ta ci uwar kamfanin tarar fam 15,000 saboda ƙin bin umarnin hukuma, amma har fim ɗin ya ƙare bayanan ba su zo hannunsa ba. A nan masu fim ɗin sun yi abin a yaba: sun bar rashin nasarar yadda take, ba su shafa mata zuma ba.

Salon hoton ma yana da armashi. Ana nuna mutane suna tafiya a titi, ƙananan ɗigo-ɗigo na haske suna tashi daga wayoyinsu kamar ƙaiƙayi a masussuka. Abin da ido ba ya gani, wato kwasar bayanai, sai ya zamo abin gani. Wannan dabara ta isar da saƙon da dogon jawabi ba zai isar ba.

Rauni na farko yana ga Kaiser. Kyamara ta bi ta daga wurin wanka a Tailan zuwa filayen jirgin sama da ɗakunan otal, har jigon ya koma labarin tubar mutum ɗaya. Tubabbe yana da daɗin kallo, amma ba shi ne shaida mafi inganci ba, domin yana da buƙatar wanke kansa. Lokacin da aka ɓata wajen auna zuciyarta, da an kashe shi wajen auna tsarin da ya ba ta kayan aiki.

Rauni na biyu ya fi girma. Cambridge Analytica ya yi ta tallar cewa yana da bayanai har 5,000 a kan kowane mai zaɓe a Amurka, kuma yana iya gano masu raunin ra'ayi ya juya su. Fim ɗin ya karɓi wannan kirari kusan yadda yake, ya mai da shi abin tsoro. Boka ya yi wa kansa kirari, mai sharhi kuma ya ɗauka shaida ce. A watan Oktoban 2020, kwamishinar kare bayanai ta Birtaniya, Elizabeth Denham, ta kammala bincikenta, inda ta nuna cewa hanyoyin kamfanin sanannu ne da ake samu a kasuwa, kuma ba ta ga wata babbar rawa da ya taka a ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ba. Mu ma muna da abin aunawa a gida. Jaridar Observer ta ruwaito a 2018 cewa wani attajiri mai goyon bayan Goodluck Jonathan ya ɗauki kamfanin haya a zaɓen 2015, aka kuma yaɗa wani bidiyo mai tayar da hankali domin tsoratar da masu zaɓe game da Muhammadu Buhari. Buhari ne ya ci zaɓen. Wannan bai wanke mugun nufin ba, amma ya nuna asirin ba ya ci kullum. Fim ɗin ya tsaya a kan Tirinidad da Tobago, inda kamfanin ya yi iƙirarin hana matasa baƙaƙen fata fita zaɓe, wato misalin da ya dace da tsoron da ake son ginawa. Bai tsaya a kan misalin da ya saɓa masa ba.

Me ya sa wannan ya dame ni? Domin duk wanda ya yarda cewa matsalar ita ce wani kamfani mai tsafi, zai kwanta da minshari ranar da kamfanin ya mutu. Cambridge Analytica ya rushe a watan Mayun 2018. Facebook kuwa ya san an kwashi bayanan tun Disambar 2015, ya nemi a goge su, amma bai sanar da masu su ba sai 2018, bayan jaridu sun fallasa. Tarar fam 500,000 da Birtaniya ta ci shi, wadda ita ce iyakar abin da tsohuwar doka ta yarda, ba ta kai cikin cokali ba a arzikinsa. Gaskiya ne fim ɗin ya nuna Mark Zuckerberg a gaban majalisar dokokin Amurka, ya kuma soki kamfaninsa. Sai dai bai zauna ya warware wa mai kallo sana'ar ba: kamfanin yana rayuwa ne da kuɗin talla, tallar kuma tana tsada ne gwargwadon yadda aka san wanda za a nuna wa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai sayen bayanai ba zai ƙare ba muddin akwai rumbun da aka gina domin tara su.

Saboda haka nake ganin The Great Hack a matsayin kyakkyawar ƙararrawa, amma raunanniyar taswira. Ya cancanci a kalle shi domin Carroll da tambayarsa da ba ta sami amsa ba. Ya kuma cancanci a kalle shi da idon tuhuma, irin wanda shi kansa yake koyarwa. Rashin yarda da ya ginu a kan tsoron tsafi yakan gushe da mutuwar boka. Wanda ya ginu a kan fahimtar yadda ake samun riba da sirrin mutane, shi ne zai iya neman doka, ya kuma tsaya har sai an yi aiki da ita.