Jinjina ga Injiniyoyin NASRDA

Ba kowane matashi ne zai kammala karatun injiniya, ya yi bautar ƙasa, sannan ya nufi Lugbe da ke Abuja neman aiki a hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, ba. Kamfanonin mai da na sadarwa sun fi biya. A nan albashin gwamnati ne, gurabe kaɗan, ga jiran kasafin kuɗi. Waɗanda suka zaɓi wannan hanya sun cancanci a yaba musu.

An kafa hukumar a 1999. A 2003 aka harba tauraron ɗan adam NigeriaSat-1, wanda kamfanin Surrey na Ingila ya ƙera, daga Rasha. Amma abin da ya fi burge ni shi ne NigeriaSat-X. Injiniyoyinmu ne aka tura Surrey suka koyi aikin, suka haɗa shi da hannunsu, aka harba shi a watan Agustan 2011 tare da NigeriaSat-2. Aiki ne na haƙuri: a jijjiga na'ura, a gwada ta cikin zafi da sanyi, a sake gwadawa, domin in tauraro ya tashi babu makanikin da zai bi shi da sifana.

Kuma ba duk a Abuja suke ba. Wasu na Jos suna nazarin hotunan da taurari ke turowa, na ambaliya da gonaki da kwararowar hamada. Wasu na Toro a jihar Bauchi suna sa ido kan motsin ƙasa, wasu kuma na Epe suna gwajin roka.