4.2 Sharhi Kan Manufar Faɗaɗa Tituna a Birnin Kano

A wannan sashe za a dubi hanyar da gwamnatocin Jihar Kano suka bi wajen magance cinkoson ababen hawa, da kuma abin da hakan ya jawo wa unguwannin da titunan suka ratsa.

Idan aka lura, za a ga cewa tunani ɗaya ne ya mamaye ayyukan, wato a faɗaɗa titi, in ya ƙi a ɗora masa gada. A zangon mulkin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu (2011-2015) aka gina gadar sama ta Ƙofar Nasarawa da ta ƙasa a Gadon Ƙaya, sannan gwamnatin Dakta Abdullahi Umar Ganduje (2015-2023) ta ƙara da na Dangi da Hotoro. Babu shakka waɗannan gadoji sun rage tsaiko a mahaɗar da aka yi su. To amma mai mota kaɗai suka yi wa aiki. Titin da aka raba biyu aka gitta masa shingen kankare ya zama katanga tsakanin unguwa da unguwa, ta yadda tsoho mai zuwa masallaci, ko yaro ɗan makarantar allo, sai ya yi dogon zagaye ko ya sayar da ransa kafin ya tsallaka. Haka kuma bishiyoyin da aka sare a bakin hanya ba kasafai ake mayar da madadinsu ba, alhali kuwa gari ne mai zafin rana da ƙurar hunturu.

Rushe Ƙofar Na'isa a shekarar 2010 domin faɗaɗa hanya shi ne misali mafi muni. Ganuwar da tarihi ya nuna an soma gina ta tun zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, an ɗauke ta tamkar wani cikas ga mota.

Abin mamaki, matakin da ya fi taɓa batun hayaƙi ba don muhalli aka ɗauke shi ba. An hana acaɓa a watan Janairun 2013 ne saboda tsaro, bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. Da yawa daga cikin baburan na lokacin fetur gauraye da baƙin mai suke ƙonawa, don haka raguwarsu ta sauƙaƙa wa masu tireda da masu sana'a a bakin titi shaƙar hayaƙi. Sai dai Adaidaita Sahu, wadda gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da ita a 2005, ita ta cike gurbin, ga shi kuma ta fi babur cin fili. Fasinjojin da babbar bas ɗaya za ta kwashe, sai an jera Adaidaita fiye da goma kafin su ɗauke su. Hukumar KAROTA na iya tsara tsayuwarsu da kama mai laifi, amma ba aikinta ba ne samar da manyan motocin da za su rage yawansu a kan titi.