Salima: Sharhi A Kan Wata Yekuwa Ta Ƙasar Sudan

A shekarar 2008 Majalisar Kula da Yara ta ƙasar Sudan ta haɗa kai da UNICEF, suka fara wata yekuwa da suka raɗa wa suna Salima. Kalmar ta Larabci ce, ma'anarta mai lafiya, cikakkiya, wadda ba a rage mata kome ba. Nufin yekuwar shi ne a bar yi wa 'yan mata kaciya. Amma hanyar da masu ita suka bi ta isa a duba ta da kyau, gama ta taɓa wani abu da yake damun ikkilisiyoyin ƙasar Hausa, wato yadda za a yi maganar jiki da aure a fili ba tare da batsa ko tsoratarwa ba.

Zancen Sudan bai yi nisa da Bahaushe ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya bi hanyar gabas da jama'arsa. Suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, garin kuwa yana amsa sunan Mai Wurno har yau. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai Hausawa da Fulani da Barebari masu tafiya Makka suka yi ta yada zango don ƙwadago. Da yawa ba su ƙara gaba ba, ba su kuma komo gida ba. Mutanen ƙasar suna kiransu Fallata. Yawancinsu Musulmi ne, harshen gida kuwa ga da yawansu Hausa ne.

A can suka tarar da al'adar da ake kira kaciyar Fir'auna. Akan yanke wani sashe na al'aurar yarinya, a ɗinke wurin, a bar ƙaramar kafa domin fitsari da jinin haila. Wahalar ba ta ƙarewa ranar yankan. Tana biyo yarinya zuwa daren aurenta da ranar naƙudarta, gama sai an sāke tsaga wurin kafin jariri ya fito. Binciken ƙasa na 2014 ya nuna kusan mata 87 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 an yi musu kaciya iri ɗaya ko wani.

Wannan ɗinki ba ya cikin kayan da mutanen yamma suka ɗauko daga gida. Wata masaniya Ba'amurkiya, Ellen Gruenbaum, wadda ta buga littafi a kan batun a 2001, ta zauna a wani ƙauye na gonakin Rahad inda Zabarmawa suke maƙwabtaka da Larabawan Kinana. Ta ga 'yan matan Larabawa suna yi wa na Zabarmawa gori da kalmar galfa, zagin da ake yi wa mace marar kaciya, domin Zabarmawa ba sa ɗinki. Su kuma sukan rama, su kwatanta masu zaginsu da ramin ajiyar hatsi da ake buɗewa ana rufewa. Labarin ya nuna inda ƙarfin al'adar yake. Baƙon da yake so a karɓe shi, a kuma auri 'yarsa, gori yakan fi masa zafi fiye da reza.

An taɓa gwada doka. A 1946 gwamnatin Turawa ta hana kaciyar Fir'auna. A garin Rufa'a, a bakin Shuɗin Nilu, aka kama wata mace saboda an yi wa yarinya kaciya, sai gari ya tashi a ƙarƙashin Mahmud Muhammad Taha, aka ƙwato ta. Shi kuwa ya sha ɗaurin shekara 2. Al'adar ta ci gaba a ɓoye. Daga baya masu wayar da kai suka riƙi hanyar ban tsoro, suna lissafa jini da ciwo da mutuwa. Abin da suke faɗa gaskiya ne, amma uwar da ta ji ana kiranta azzaluma takan toshe kunnenta.

A nan ne gwanintar Salima take. Masu yekuwar sun lura harshen yau da kullum ba shi da kyakkyawan suna ga yarinyar da ba a yanka ba, sai zagi kaɗai. Sai suka ba ta suna. Saƙonsu shi ne kowace 'ya ana haihuwarta cikakkiya, don haka a bar ta ta girma yadda aka haife ta. Ba su zana reza ko jini a hotunansu ba. Sun fito da zane da gyale masu launi mai haske, da waƙoƙi a rediyo, da doguwar yadi wadda mutanen gari suke sa hannu a kanta su yi alkawari. Kaka ba ta ji an zage ta ba, uba kuma ya sami kalmar da zai faɗa a gaban baƙi ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Mai bi zai gane wannan tunani nan da nan. Littafin Farawa ya shaida Allah ya dubi dukan abin da ya yi, har da namiji da mace, ya ga yana da kyau. Zabura ta 139 tana yabon gwanintar da aka siffata mutum da ita tun a cikin uwarsa. Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa jikin mai bi Haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, a sura ta 7 kuma ya ba mace hakki a kan mijinta daidai da hakkin da ya ba miji a kanta. Wanda ya gaskata wannan ba zai ɗauki jikin 'yarsa abin da Mahalicci ya bari da gyara ba.

Aikin ya ba da amfani. Wani bincike da aka buga a 2019 ya nuna waɗanda suka fi jin saƙon Salima sun fi ja da baya daga goyon bayan kaciya. A shekarar nan Tarayyar Afirka ta ɗauki sunan ta sa wa nata shirin. A 2020 Sudan ta kafa dokar ɗaurin da zai kai shekara 3 ga mai yin kaciyar mata.

Duk da haka yekuwar tana da raunin da bai kamata a rufe ba. Na fari, ta dogara ƙwarai ga alkawarin taron jama'a, kamar dai gari yakan juya gaba ɗaya a rana ɗaya. Masu bincike da suka duba ƙauyuka 45 na Jazira, suka buga sakamakon a 2015, sun tarar masu yi da marasa yi suna zaune ƙofa da ƙofa a gari guda. Wato a cikin ɗaki ake yanke shawara, tsakanin uwa da kaka da ungozoma da mai gida. Hannu yana iya sauka a kan yadi a dandali, zuciya kuwa ba ta motsa ba.

Na biyu, sunan da ya ɗaukaka yarinya yana iya ƙasƙantar da uwarta. Idan wadda ba a taɓa ba ita ce cikakkiya, me za a kira miliyoyin matan da aka riga aka yanka ba da yardarsu ba? Tambayar ta ƙara nauyi tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023, sojoji suka karɓe ta a Janairun 2025, a tsakanin nan kuwa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoton fyaɗe mai yawa a ƙauyukan Jazira. Labarin Tamar a littafin Sama'ila na Biyu, sura ta 13, ya nuna yadda 'yan'uwa sukan ce wa irin wannan yarinya ta yi shiru, ta ƙare kwanakinta a kaɗaice. Bishara ta fi yekuwar faɗi a nan, gama darajar mace a gaban Allah ba ta raguwa saboda abin da wani ya yi mata.

Na uku, lafiyar aure ta wuce batun kaciya. Magudanan ruwan Jazira sun daɗe da tsargiya, cutar da take fitowa daga katantanwar ruwa. A jikin mace ƙwan cutar yakan zauna a al'aura da bakin mahaifa, ya kawo ƙaiƙayi da zubar jini da zafi a wurin kwanciya. Sau da yawa akan ɗauke shi ciwon sanyi, a zargi matar da lalata, alhali wanki ta je yi a bakin ruwa. Maganinsa ƙwaya ce mai araha da ake kira praziquantel. Macen da ba ta da kalmar faɗin ciwonta ba za ta kai ga ƙwayar ba.

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Ƙasar Hausa ba ta san ɗinki ba, amma ta san yankan gishiri da cire angurya a hannun wanzamai. Ta san aurar da yarinya kafin ƙugunta ya isa haihuwa, da doguwar naƙuda a gida wadda take ƙarewa da yoyon fitsari. Asibitin Babbar Ruga a Katsina, da na Evangel a Jos, da na Danja kusa da Maraɗi shaidu ne. A gidajen masu bi ma akan aurar da saurayi da budurwa ba wanda ya zauna ya koya musu kome, sai abin da suka tsinta a bakin abokai. Kunya ado ce, amma kunyar da ta hana mace gaya wa mijinta tana ciwo ta zama tarko.

Abin da ikkilisiya za ta koya daga Salima shi ne ta fara da suna mai kyau, sa'an nan ta wuce inda yekuwar ta tsaya. Zumuntar mata ta nemi tsabtatattun kalmomin Hausa da uwa za ta koya wa 'yarta haila da su tun kafin ta zo. Fastoci da dattawa su sa ma'aikatan asibiti masu bi cikin koyarwar masu shirin aure. A koya wa maza cewa rakiyar mace zuwa awon ciki da neman magani tare da ita suna cikin ƙaunar da Afisawa sura ta 5 ta ɗora musu. Markus sura ta 5 ta ba da labarin matar da ta yi shekara 12 tana zubar da jini, ta zo a ɓoye ta bayan taro. Ubangiji Yesu bai bar ta ta sulale da kunyarta ba. Ya tsaya, ya saurari labarinta duka, ya kira ta 'yarsa a gaban mutane, ya sallame ta lafiya. Masu irin ciwonta suna zaune a majami'u kowace Lahadi, suna jira a tambaye su.