Jinjina ga Masu Gyaran Kulocin MGB

Kamfanin MG ya ƙera motar MGB a garin Abingdon na Ingila daga 1962 zuwa 1980, kuma har yau dubbai na bisa titi saboda ƙwazon makanikai masu haƙuri. Sauya kulocin wannan mota babban aiki ne, domin sai an ɗaga injin gaba ɗaya daga mazauninsa kafin hannu ya kai ga farantin da ya cinye.

Gwani ba ya gaggawar kwance inji. Yakan fara duba silinda biyu da ke sarrafa kuloci da matsin mai, don sau da yawa yoyo ne ko iska a bututu ke hana giya shiga. In kuwa ya ɗaga injin, yakan sauya har da zoben gawayin da ke danna kuloci, wanda ke saurin cinyewa idan direba ya saba ɗora ƙafa a kan feda. Sannan ya daidaita sabon farantin a tsakiya, ya ɗaure kusoshi bi da bi.